Taku Goma a Kan Iyaka

"Taku goma kawai za ka yi, Baba, ka juyo," in ji Haris, mijin 'yar Alhaji Dabo. "Suna buga maka hatimin shiga, katin zaman dindindin ya tabbata."

A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui aka haifi Alhaji Dabo, amma tunda sojoji suka yi bore, a kowane shingen bincike baƙo ake kiransa. Ya gaji da tsuguno a rana, shi ya sa ya rufe shagonsa na titin Koudoukou ya biyo Haris har iyakar Kamaru.

Ya dangwala yatsa a takardar Faransancin da bai iya karantawa ba. Aka buga masa hatimin fita. Ya taka goma cif, ya juyo yana murmushi.

Jami'in kan iyaka ya sauke sandar shinge.

"Ina zuwa, tsoho? Yanzu ka sa hannu cewa kai baƙo ne. Sati guda ke nan da hana baƙi shiga."

"Haris! Zo ka yi masa bayani!"

"Ai ya sani, tun safe ya tambaye ni kan dokar har sau biyu," in ji jami'in. "Ya ce in gaya maka kada ka damu da shago."