Kakin 'Yan Firamare

Maiwada tela yana cikin ɗinka maɓallin ƙarshe sai ga babura sun tsaya ƙofar shagonsa a Zurmi. Mutum huɗu suka shigo, kowa da bindiga.

"Mu 'yan sa-kai ne. An ce kana ɗunka ma ɓarayin daji kakin soja."

Maiwada ya miƙe tsaye. "Wallahi na 'yan firamare ne, rawar soja za su yi ran Asabar!" Ya ɗaga wando ɗan mitsitsi.

Babbansu ya jujjuya ɗinkin, ya yi dariya. Maiwada ya sauke ajiyar zuciya.

Sai babban ya ce, "Kamar na gaske. To, ɗunka muna talatin, na manya. Jibi ka kawo muna daji."