Auren Kan Dandamali

Hadarin farko na haɗowa gabas da Daura sa'ad da Juwairiyya ta tare Misbahu a bayan ɗakin taron jami'a. Shi ya rubuta wasan kwaikwayon Makon Hausa, shi kuma zai aure ta bayan jarrabawa.

"Liman ya ce auren da aka ɗaura mini da Yazid jiya a wasanka ya ɗauru."

"Haba, wasa ne fa."

"Ya ce ba a wasa da aure. Yayana ka sa waliyyi, kuma tun rasuwar Baba shi ne waliyyina. Ga shaidu cike da ɗaki."

Misbahu ya ce, "To, Yazid ya sake ki mana."

Ta girgiza kai.

"Na roƙe shi. Murmushi ya yi, ya ce shekara uku yana jiran wannan ranar."