Ta'aziyyar Kowace Safiya

"Ina Lawali?" Baba Habu ya tambaya.

"Ya tafi cin kasuwar Mirriya," in ji matarsa. Tun da mantuwa ta cinye kan Baba Habu, tsohon gardin Kumandan na zamanin Turawa, haka ake lallaɓa shi. Ɗansa Lawali kuwa tuni ya mutu a yaƙin Aljeriya.

Indo, malamar makaranta, ta karɓi ƙoƙon kunu. "Je ki huta, Iya, ni zan ba shi."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Indo ta durƙusa, tana kallon hannun da ya kashe ubanta da bulala a wajen aikin tilas.

"Baba, na zo ta'aziyya. Lawali ya rasu."

Tsohon ya fashe da kuka, sabo fil, irin na jiya.

"Sai gobe da safe, Baba," in ji Indo.