Dasasshe a Tudun Wada

Tasi'u ya sauko daga motar Kiru da kwalin kati a aljihu, bai ko tsaya gaisawa da 'yan tasha ba. Ƙungiyar da yake shugabanta, ta Tudun Wada, ta kai wasan ƙarshe, amma da Doguwa za su sake karawa. Doguwa kuwa ta lallasa su shekara biyu a jere. In ta yi na uku, kofin ya zama nata har abada.

Sunan wasan Birnin Ƙaya. Babu caca a cikinsa, shi ya sa iyaye suka ƙyale shi har ya shiga makarantu da tsakar gidaje. Labarinsa kowane yaro ya haddace. Mayaƙan Toka sun kewaye birnin shekara bakwai ba su fasa ganuwa ba, sai suka sake dabara. Suka turo mutanensu ɗaya-ɗaya, wannan mai gishiri, wancan maƙeri, suka zauna cikin gari, suka yi aure, suka tsufa, suna jiran ranar buɗe ƙofa. Su ake kira Dasassu.

A wajen wasa, masu tsaron birni kan ɓoye katin Sarauniya a bayan ɗaya daga ƙofofi huɗu, mahara su laluba. Doguwa ba ta taɓa lalube ba. Kai tsaye take zuwa.

“Akwai dasasshe a cikinmu,” in ji Tasi'u, yana wanke hannu.

Matarsa Ramla ta ajiye kwanon tuwo tana dariya. “A wasan ko a gidan?”

Ya bi ta da kallo. Ramla 'yar Riruwai ce, kuma Zakari, shugaban ƙungiyar Doguwa, ɗan unguwarsu ne. Duk Juma'a tana waya da gida, wani lokacin har rabin awa.

Sai ya haɗa tarko. Ya ja ɗan ƙungiyarsu Imran gefe a bakin kasuwa, ya ce bana Sarauniya ƙofar gabas za ta zauna, kada ya faɗa wa kowa. Ya samu ɗayan, Shitu, a shagon ɗinkinsa, ya ce yamma. Ramla kuma ya bar mata takarda a kan madubi kamar mantuwa, an rubuta kudu. Duk ƙofar da Doguwa ta nufa, mai ita ya tona kansa.

Ainihin shirin, na ƙofar arewa, yana bukatar gwaji. Ba zai gwada da waɗanda yake zargi ba, don haka ya koma ɗakin Goggo Tasalla, yayar mahaifinsa. Malamar firamare ce da ta yi shekara talatin ana yawo da ita makarantun kudancin jiha, ta ajiye aiki shekara uku da suka wuce, ta dawo gidan. Ita ta goye shi yana jariri.

Goggo ba ta da amfani a wasa, sai dai ta cike gurbi. Takan riƙe kati a juye, ta kira Mayaƙan Toka “masu gawayi”. Abu ɗaya ta iya, rabon kati, yatsunta kamar na mai tsince shinkafa.

“Ɗan nan, wannan mai rawanin me ya sa kullum kake tura ta sama?”

“Arewa ce, Goggo. Nan ba wanda zai zata.”

“Allah ya ba da sa'a. Ni dai kaina ba ya ɗauka.”

Kwana goma suna haka bayan la'asar, ban da Asabar ɗin da ta tafi sunan jikan wata tsohuwar ɗalibarta. Ramla ta lura an daina maganar kati a gabanta. Daga ranar yajin miya ya ƙaru.

Ranar wasa, ɗakin taron wata makaranta a Bebeji ya cika har tagogi. An ɗaure ragon kyauta a gindin darbejiya. Mata suna gefe ɗaya, Ramla da Goggo a layin gaba. Tasi'u ya kifa katunansa a ƙofofi huɗu, ya harɗe hannu, yana satar kallon mutum uku.

Zakari bai ko dubi gabas ba. Bai dubi yamma ko kudu ba. Ya tattara mayaƙansa kaf, ya zube su a ƙofar arewa. Cikin minti shida aka kama Sarauniya.

Ɗakin ya ɗauki ihu. Tasi'u ya zauna baki buɗe. Imran bai ci amanarsa ba, Shitu ma haka. Ya juya wajen Ramla, ya ɗaga mata hannu biyu alamar tuba. Ta murguɗa baki, sannan dariya ta ƙwace mata. Abin mamaki, sai ya ji ransa ya yi sanyi. Kofi ya tafi, amma gidansa lafiya. Wataƙila dai Zakari ya fi shi kai ne kawai.

Aka miƙa wa Zakari kofi da makirufo. Ya gode wa Allah, ya gode wa alƙalai, ya yi alkawarin aiko wa Tudun Wada cinyar rago.

“Amma ba ni ya kamata in ɗaga kofin nan ba,” ya ce. “Akwai wadda ta koya mini karatu a aji uku a Riruwai, ita ta kafa ƙungiyar nan, kuma shekara uku ke nan tana mana aiki a cikin birnin abokan gaba. Malama Tasalla, bismillah.”