Katangar da Magini Ya Ja wa Ƙanensa

Tunda kai aka damƙa wa karo-karon unguwa, zauna in ba ka misali kafin ka kira mai bulo.

An yi wani magini mai hannu, wanda in ya shafe katanga ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya hau. Yana da ƙane, Tanimu, da gemu ya fito masa amma fahimtarsa ba ta bi shekarunsa ba, magana sai an maimaita masa. Sai dai ƙwallo ta shiga ransa. Kullum bayan la'asar yana bakin filin makaranta, takalmansa a hannu, yana jira ko za a kira sunansa in samari suna raba kansu gida biyu. Ba a taɓa kira ba. Iyakarta in ƙwallo ta faɗa kwata a ce ya ɗauko, ya ruga da murna, a bi shi da dariya. Abin nan yana ci wa magini tuwo a ƙwarya, don shi ya riƙe Tanimu tun rasuwar iyayensu, kuma ba abin da ya tsana kamar a mai da ƙanensa abin wasa.

Da unguwa ta yi shawarar haɗa hannu don irin su Tanimu su ma su samu wurin buga ƙwallo, ai magini ya fi kowa rawar jiki. Mai unguwa ya ba da fili, mai walda ya haɗa ƙarafan raga, tela ya ɗinka riguna, mata masu ƙosai da awara suka zuba abin da ya sawwaƙa, har tsohuwa mai daddawa ta kwance bakin zanenta. Magini ya ce aikin hannu nasa ne, kyauta. Ya zage ya ja katanga doguwa ta zagaye filin, ya shafe ta sumul, ya kafa ƙyaure, don kada idon ɗan iska ko ɗaya ya leƙo ya yi musu dariya. An ji ta bakin liman, an ji ta bakin iyaye, kowa ya sa albarka. Masu buga ƙwallon ne kaɗai ba wanda ya tambaya.

Ranar farko magini ya tsaya a bakin ƙyaure yana kallo, zuciyarsa fes. Can Tanimu ya samu ƙwallo, ya ɗirka ta, ta shige raga. Ya buɗe hannuwa ya ruga gefen fili, yadda ya saba ganin samari suna yi in sun ci, su nufi 'yan kallo ana ihu ana rungumarsu. Sai ya iske katanga. Ya tsaya a gabanta hannuwansa a buɗe, ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya sauke su a hankali. Magini ya gani, amma ya ce a ransa Tanimu zai saba. Ina! Ba a jima ba ciyawa ta fara cin filin, Tanimu kuwa ya koma bakin filin makaranta da sabuwar rigarsa, takalma a hannu.

Magini ya same shi can, ransa a ɓace, ya ce, "Haba Tanimu! Jama'a sun sha wahala dominka, me ya dawo da kai nan?"

Tanimu ya ce, "Yaya, can ba mutane. In na ci, wa zai gani?"

Washegari magini ya nemi iznin mai unguwa, ya ɗauko guduma, ya sassare katangar da hannun da ya gina ta, har ta dawo iya gwiwa, ta zama wurin zaman 'yan kallo. Aka ce wa samari ga fili mai raga, su zo su buga, amma in za a raba gida biyu da kowa za a raba. Ba zan ce maka dariya ta ƙare ba, ɗan Adam ne. Sai dai yanzu dattawa na zaune a kan guntun katangar, wanda ya wuce gona da iri a tsawata masa.

Ranar da wani saurayi ya nuna shi ya ce, "Tanimu, kai namu ne," sai da bawan Allah ya waiwaya ya ga ko akwai wani Tanimun a bayansa. Da ya tabbata shi ake nufi, ya durƙusa yana ɗaure takalmi. Magini yana zaune a kan abin da ya rage na aikinsa, ya cire hula ya share ido.

To, kafin ka taɓa kuɗin jama'a, je ka zauna da waɗanda aka tara dominsu, ka ji ta bakinsu ko da sai sun maimaita. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.