Lauyan da Aka Kai Kotu a Kan Kujera

Habila ɗana, ɗazu na ji kana faɗa a ƙofar majami'a cewa duk ɗan da ya lalace, a tuhumi ubansa. Matso kusa, zan ba ka misali.

An yi wani lauya a wani ƙaramin gari, ofishinsa ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, maƙwabcinsa mai injin niƙa, har sai ya ɗaga murya kafin baƙo ya ji shi. Sau da dama an neme shi aiki a birni ya ƙi, ya ce shi ba zai iya cin tuwon dare ba tare da matarsa da 'ya'yansa maza biyu ba. Kowace safiya kafin a ɗora koko sai ya tara su a tsakar gida, yaran su karanta Littafi Mai Tsarki bi da bi, a yi addu'a. Ran Lahadi ya ɗauke su a babur, ƙaramin a gaba, babban a baya, uwar ta biyo su a ƙafa tare da 'yan zumuntar mata. Idan 'yan'uwa suka zo masa da rigimar gona, ba ya saurin ɗauko baƙar rigarsa. Zaunar da su yake yi a benci ɗaya, ya aika a kawo kunu, ya ce musu, "Wanda ka kai gaban alƙali, ba ku ƙara sa hannu a kwano ɗaya." Abokan aikinsa suna yi masa dariya, wai yana korar abincinsa da kansa. Amma gidaje da yawa a garin nan, shi ya hana su rabewa.

Yaran suka girma, suka yi aure. Wata Lahadi yana tsaye yana karanta wa jama'a nassi, sai littafin ya suɓuce, shi ma ya bi shi ƙasa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya ƙi motsi. Hankalinsa garau, idonsa na gani, kunnensa na ji, amma abin da ya rage masa hannun hagu ne kawai. Yana da lambu a bakin rafi, mangwaro da gwaiba da lemo da ya dasa da hannunsa. Ƙaramin ɗan ne ke nomansa, babban kuwa ya samo wani mai son gina gidan mai a wurin. Aka fara da magana, aka koma zagi, har ranar da suka kama kokawa a ƙofar ɗakin da uban yake kwance, ƙaramin ya tashi da karyayyen haƙori. Fasto ya zo, dattawan ikilisiya suka zo, uwar ta durƙusa musu tana kuka. Duk a banza. Kowannensu ya ɗauko lauya daga birni, kowanne ya rantse cewa shi Baba ya yi wa alkawarin lambun.

Da shaidu suka kasa, alƙali ya ce a kawo mai lambun. Aka ɗauko tsohon a kan kujera, maza huɗu suna riƙe da ita, aka ajiye shi a cikin kotun da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikinta. Matarsa na gefensa tana share masa miyau da bakin mayafi. Alƙalin ya sassauta murya ya ce, "Baba, in kana ji na, nuna mana wanda ka ba." Tsohon ya dubi wannan, ya dubi wancan. Can sai ya miƙa hannun hagun, ya kamo wuyan hannun babban, ya fara jansa zuwa wajen ƙanensa, don ya haɗa hannuwansu. Ƙarfi bai kai ba. Kafin ya ci rabin hanya, lauyan babban ya miƙe zumbur ya ce, "Ya mai shari'a, a rubuta, ya zaɓa!" Babban ya san abin da ubansa yake nufi, wallahi ya sani, amma ya zame hannunsa ya bari aka rubuta. Ƙaramin ya fita yana cewa daga yau ba shi da uba. Tsohon ya buɗe baki, abin da ya fito gurnani ne, ba wanda ya gane sai matarsa, ita kuwa ba a ba ta damar magana ba.

Daga ranar bai ƙara ɗaga hannun nan ba, ko don karɓar cokali. Aka ba babban gaskiya, ƙaramin ya ɗaukaka ƙara, kotu ta hana kowa taka lambun, itatuwan suka bushe a tsaye, makiyaya suka mai da wurin hanya. Da damina ta kama ya rasu, fuskarsa na kallon bango. Wajen jana'iza majami'a ta cika har waje da mutanen da ya sulhunta, 'ya'yansa kuwa ɗaya ya tsaya a gabas da kabari, ɗaya a yamma, ba wanda ya yi wa ɗan'uwansa gaisuwa. Uwar tana nan da rai, ita kaɗai a gidan. Jikokinta sukan haɗu a kasuwa su wuce juna kamar baƙi.

To Habila, nemo mini laifin mutumin nan, ni na nema ban samu ba. Ya shuka, ya yi ban ruwa safe da yamma da ruwa mai daɗi, abin da ya tsiro ya sa shi hawaye. Ai Bahaushe ya riga ya faɗa: albasa ba ta yi halin ruwa ba.