Amsar Tambulan

Tambulan ɗin ya zame a kan kwalin duba, ya wuce haruffan da aka rubuta a kai, ya tsaya cak a kan A'A. Karo na bakwai ke nan.

"Kin dai gani da idonki, Luz," in ji surukarta Nanay Seling, tana ɗage yatsa. "Ɗana bai yarda ki yi aure ba. Sai baɗi kuma."

Luz ta ɗauke kwalin ta ajiye. Shekara bakwai ke nan da guguwa ta kifar da kwalekwalen mijinta Ernesto, ko takalminsa ba a tsinta ba. Duk ranar da abin ya zagayo, su biyu kan kifa tambulan, su ɗora yatsu, su tambayi ruhinsa. A tsibirinsu na Samar kowa ya sani, matacce kaɗai ke shiga tambulan, kuma ba a saɓa masa.

Doming kafinta, da ya shekara huɗu yana jiranta, ya tare ta a bakin famfo.

"Haba Luz! Kwali da kofi ne za su ci miki ƙuruciya? Ni fa na gaji."

Kafin damina ya auri wata tela. Luz ta sha kukanta a bayan ɗaki, ta wanke fuska, ta koma dama wa tsohuwa faten shinkafa. Ita ce wanka, ita ce juya ta a gado, ita ce kwashe fo.

Tsohuwar kam ba ta da damuwa. Ranar tunawa da matattu takan kunna wa mijinta kyandir ɗaya, ta ce na biyu, na Ernesto, ɓarna ce. Duk Kirsimeti busasshen mangwaro kan iso mata daga birnin Cebu, wai daga wata ƙawar coci. Ko yanki ba ta taɓa sam wa Luz ba, muguwa.

A shekara ta tara Nanay Seling ta mutu. Luz ce ta yi mata kwalliyar ƙarshe.

Rana ta uku da zaman makoki, da hantsi, wata mata mai fara'a ta shigo da yara biyu da kwalin busasshen mangwaron Cebu. Mutumin da ke bayanta ya toge a ƙofa, ya ja hula ya rufe fuska. Matar ta kama hannun Luz.

"Ke ce 'yar aikin Nanay ko? Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah." Ta waiga. "Ernesto, shigo ka yi mata godiya mana."